Dada Ta Nemi Fuskar Gabdo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Lahadi, 17 ga watan Agusta, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Gabdo Mahmoud, mai ɗaukar hoton fim, a nan garin Mubi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Bayan sallar la'asar muka raka shi makwancinsa a Digil, inda aka binne cibiyarsa. Ana yayyafi, ƙasa ta yi laushi, masu haƙa ba su sha wuya ba. Bai cika shekara hamsin ba. Ya bar mahaifiyarsa Dada Aisatu, da matarsa Habibat, da 'ya'ya huɗu, da mu abokan sana'arsa, waɗanda har yanzu ba mu san inda za mu sa kanmu ba.

Ni ne Abdulhamid Tsoho, edita. Abin da Gabdo ya ɗauko da kyamara, ni ke zama in tace, in yanke, in haɗa, har ya zama fim. Fiye da shekara ashirin muna haka. An yi ta tambaya ta me ya sa ban rubuta komai ba, alhali kowa ya rubuta, har waɗanda ko shayi ba su taɓa sha da shi ba. Dalili shi ne akwai alkawarin da na ɗauka a gidan makoki, na ga ba ni da bakin magana sai na ga ƙarshensa. Yanzu na gani. Saboda haka, Gabdo, bari in juyo gare ka, don da kai na saba magana, ba da jama'a ba.

Ranar sadakar uku, Dada ta aiko a kira ni cikin gida. Na same ta a bakin ɗakinta kan tabarma, ta ba mata masu gaisuwa baya. Ka san kai ne ɗanta na fari, ka kuma san yadda Fulaninku suke da ɗan fari. Tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, "wancan" take cewa. In ka shigo gaisuwa kai ido a ƙasa, ita ido a gefe. Na sha ganin wannan gaisuwa taku, ina dariya a raina, ina cewa uwa da ɗa sai ka ce surukai. Ran nan ban yi dariya ba.

Ta ce, "Abdulhamidu, kai ne abokin wancan."

Na ce, "Ni ne, Dada."

Ta ce, "Tunda na haife shi ban kalli fuskanshi na ƙoshi ba. Kunya. Haka muka samu iyaye, haka muka yi. Ina cewa akwai lokaci. Yanzu ya tafi, ido na kuma yana mutuwa, likita ya ce yanar ido ne. An ce shekara da shekaru yana ɗaukan mutane. To ka kawo mini nashi. Yana motsi, yana dariya. Ina so in kalle shi kafin ido ya rufe."

Na ce mata kafin sadakar arba'in zan kawo. Wallahi da sauƙi na faɗa, kamar wanda aka aika sayen gishiri. A shagona akwai faya-fayan ajiya cike da akwati biyu, duk aikinka. Mutumin da ya kwana ya tashi a cikin kyamarori, ina wuyar samun fuskarsa? Haka na ce.

Na fara da hotunan waya. Na bi 'yan wasa da masu kwalliya da direbobi, na ce duk mai hotonka ya turo. Suka turo, Allah Ya saka musu. Na buɗe, sai na rasa dariya zan yi ko kuka. Ga ka nan a ko'ina, kuma babu kai. In ana aiki, kanka na cikin wannan baƙin tawul da kake lulluɓa da shi don rana kada ta hana ka ganin gilashin kyamara. Hoto bayan hoto, mutum ne tsugune da tawul a ka. In kuma an tashi aiki an jeru za a yi na tarihi, kowa ya tuna abu guda: kai ne ke miƙa hannu ka ce, "Kawo in ɗauke ku, wannan zai yanke muku kai." A ba ka waya, ka gyara wa kowa tsayuwa, ka ɗauka, a watse. Babu wanda ya taɓa lura ba ka ciki, har ni. Hotunan aurenku da Habibat da kasa-kasan farkon aikinka kuwa, sun tafi a shekarar da 'yan bindiga suka sa muka bar garin nan da gudu, muka dawo muka tarar da ɗakuna wayam. Abin da ya rage shi ne ɗan hoton katin shaida. Na ƙara masa girma, ya dagule. Da Habibat ta nuna wa Dada, ta kai shi kusa da ido, ta mayar. Ta ce wannan hoton hukuma ne, ba shi ta ce a kawo ba.

Sai na koma akwatunan nan. Na rufe shago, na daina karɓar aiki. Kullum in na idar da sallar asuba in zo in zauna, kasuwa ta ci ta watse a bayana, ni ina gaban kwamfuta ina bin rayuwarka fitowa bayan fitowa.

Na tuna ranar da ka fara shigowa shagon nan, siriri, da kyamarar kaset a cikin jakar makaranta, ka ɗauko wani biki daga Maiha. A lokacin masu ɗaukar biki sun ishe ni. Kowa ya iya jan zum kamar mai jan guga, amarya ta matso ta koma, ta matso ta koma, har kan mutum ya yi ciwo. Na sa kaset ɗinka ina shirin faɗa, sai na ga hoto ya tsaya cak. Wata tsohuwa ce ke ɗaura wa amarya kallabi, haske na shigowa ta ƙofa yana sauka a kan yatsunta. Ba ka motsa ba har ta gama. Na juyo na ce, "Kai, wa ya koya maka?" Ka ce babu, kawai ka ga abin bai gama faruwa ba, shi ya sa ba ka tafi ba. Daga baya ka je Jos ka koyi aikin a wurin masu shi, ka yi shekaru a Kano kana ɗaukar wa manya fim, har sunanka ya fara fitowa a bango. Muka ce shi ke nan, Mubi ta yi asara. Sai ga ka ka dawo da kayanka a bayan mota. Na ce lafiya? Ka ce can kowa sauri yake, a ɗauki fitowa talatin a wuni, kai kuma ba ka iya gaisawa da wuri a tsaye ba.

Gaisawa da wuri. Haka kake kiran abin da ya sa daraktoci suka yi ta kuka da kai. Duk gidan da za a yi ɗauka, sai ka riga kowa zuwa da kwana ɗaya. Ka nemi tabarma, ka zauna a tsakar gida tun safe har rana ta faɗi, ba kyamara, ba komai. Masu gida su kawo maka fura, ka sha, ka ci gaba da zama. Kana duba ta inda rana ke shigowa, da lokacin da take barin bakin rumbu, da inda matar gida ke zama in za ta tsince wake. Washegari in Darakta Mubashshir ya ce a fara da fitowar tsakar gida, sai ka ce a'a, a bari sai bayan azahar, yanzu hasken na faɗa da bango. Mubashshir ya cire hula ya buga a cinya, ya ce, "Gabdo, rana ce darakta ko ni?" Ka ce, "Kai ne, ranka ya daɗe, amma ita ba ta jin magana." Haka za a zauna a jira. In aka kawo mini aikin, Mubashshir ya tsaya a bayana yana kallo, sai ya fita ya sayo maka tsire.

Ba ka son manyan fitilu. Ka ce suna sa ɗakin talaka ya koma kamar asibiti. A Sorau, lokacin da muke ɗaukar fim ɗin "Mayo Ya Ƙafe", wato rafi ya ƙafe, janareta ya mutu tun kwana na biyu, kowa ya ɗora hannu a ka. Kai ko a jikinka. Ka ari farin zane a wurin matar mai gida, ka sa mutum biyu suka riƙe a bakin ƙofa, ka jingina sabon kwanon rufi a jikin darni, haske ya shigo ɗakin a hankali kamar an roƙe shi. Fim ɗin nan kusan duk da zanen matar nan aka yi shi. Da za mu tafi ka wanke shi da hannunka, ka ninke, ka mayar mata.

Akwai kuma ranar da na ga ɓacin ranka, kuma sau ɗaya ke nan. Dibora, 'yar wasan nan ta Michika, baƙa ce wuluk, kyakkyawa. Wani mai ɗaukar nauyin fim ya zo shagona, ya ce in ɗan ƙara mata haske a kwamfuta, wai kasuwa ta fi son farare. Kana zaune a kan benci kana cin gyaɗa. Ka ajiye gyaɗar. Ka ce, "Alhaji, na yi wuni uku ina neman hasken da zai zauna a fatar yarinyar nan bai yi mata ƙarya ba. In za a wanke ta, a cire sunana." Ba ka ɗaga murya ba, amma kunnuwanka har rawa suke. Alhaji ya ce wasa yake. Dibora ba ta san an yi wannan magana ba sai a wurin makokinka, da na gaya mata. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka har mata suka janye ta.

Haka kake da tsofaffi. Ba ka taɓa ɗaukar babba daga sama ba. In dattijo na zaune a tabarma, sai ka sauke ƙafafun kyamara, kai ma ka durƙusa, ko da a cikin taɓo ne. Ka ce ba a tsaya wa babba a ka, ko da ƙarfe ne. Shi ya sa gwiwar wandonka kullum a ƙoƙe, Habibat ta gaji da faci.

Amma abin da muka fi faɗa a kai, ni da kai, shi ne wutsiya. Kowa a sana'ar nan ya san in darakta ya ce "Kat!" an gama ke nan, a kashe kyamara. Kai ba ka kashewa. Kana barin ta tana tafiya har ɗan wasa ya sauke kafaɗa, ya share gumi, ya juyo. Wannan saura shi muka sa wa suna wutsiya, kuma ni ke shan wahalarsa, don ni ke zama in yanke. Na sha ce maka, "Gabdo, don Allah, wutsiyar nan ta fi jikin tsawo. Ka tausaya wa idona." Sai ka yi wannan murmushin naka na gefen baki, ka ce, "Abdul, kafin a ce kat, fuskar ta darakta ce. Bayan an ce kat, mutum ya dawo da fuskarsa ta gida. Nan ne rabona." Na ce rabonka, wahalata. Amma gaskiya ɗaya ce. Fitowar ƙarshe ta "Mayo Ya Ƙafe", wadda mutane ke ta magana a kai, inda Dibora ke zaune a bakin busasshen rafi tana kallon ƙasa, ba wasa take ba. An riga an ce kat. Ta gaji ne, ta tuna wani abu nata, kai kuma ba ka kashe ba. Ka nemi izininta kafin mu sa.

Wutsiyar nan ta taɓa yi mini rana, kuma ba zan manta ba. Shekarar da matata Laraba ta rasu, na kasa komai. Ina zuwa shago ne don gida ya yi mini faɗi. Kullum da la'asar ka zo ka zauna a bencin nan, ba ka yi mini wa'azi, ba ka ce in yi haƙuri, don ka san an faɗa mini har na ƙoshi. Wata rana ka ajiye ɗan filas na kwamfuta a kan tebur, ka ce in duba in na samu sukuni, ka fita. Na buɗe. Bikin sunan ɗan Mubashshir ne, shekaru da suka wuce. An gama ɗaukar masu jego, ba ka kashe ba. Sai ga Laraba ta ratso ta baya da tiren shinkafa a ka, wata ta tsokane ta, ta juyo tana dariya, tana riƙe tiren da hannu ɗaya. Ɗan lokaci kaɗan ne. Ka tona tsofaffin aikinka ka nemo mini ita ba tare da na roƙa ba. Har yau in gida ya yi mini shiru da yawa, ita nake kunnawa.

To ka ga inda abin ya fi ci mini rai. Kai ka ba ni matata. Ni an ce in ba uwarka ɗanta, ga shi ina ta tona ba na samu.

Don kai, Gabdo, ka iya aikinka fiye da kima. Mai ɗaukar hoto na ƙwarai ba ya barin alamarsa a cikin hoto, kai kuwa ka mai da wannan kamar ibada. Na bi duk fitowar da ke da madubi, na ɗakin amarya, na shagon aski. Ka san kusurwar da za ka tsaya madubi bai kama ka ba. Na bi gilashin mota, na bi tagogi, na bi ruwan randa. Na bi inuwa a ƙasa, ko Allah zai sa ka yi kuskure sau ɗaya rana ta faɗo ta bayanka. Ina! Sauran masu ɗauka ina cire musu inuwa da ƙafa da gefen riga kullum, ina zagi. Kai ko sau ɗaya ba ka ba ni wannan aikin ba, ina ta yabon ka a kai. Ran nan na zauna ni kaɗai a shago na ce da ƙarfi, "Haba Gabdo! Ko sau ɗaya?" Mai shayin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya ga ko lafiya.

Abin da na samu a wutsiyoyin nan shi ne mutane suna kallon ka. Da an ce kat, ido ya bar inda darakta ya ce a kalla, ya dawo gefen kyamara, inda kake. Wani ya ɗaga gira yana tambaya ko ya yi. Wata ta yi maka gwalo. Yara su matso su leƙa. Wani lokaci a ji muryarka can ƙasa-ƙasa, "Ya yi," ko "Useko," godiyarku ta Fulani. Na kalli fuskoki sun fi a ƙirga, duk suna kallon mutum ɗaya, kuma duk da sakin fuska. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba. Shekara ashirin da idonka nake ganin duniya. Abin da ka tsaya a kai shi nake tsayawa a kai. Yanzu ga idon a gabana yana aiki, mai idon babu.

Ana saura kwana kaɗan sadakar arba'in na kai ga wani aiki da muka yi a Michika. Baba Zira, wani dattijo manomi da ya fito mana a matsayin kaka, yana zaune a gindin tsamiya cikin zafin rana. An ce kat. Tsohon ya yi tari, ya lashe leɓe. Kyamara na kan ƙafafunta. Sai ga hannu ya shigo ta gefe da moɗar ruwa, dama na miƙawa, hagu na tallafe da ita. Baba Zira ya karɓa ya sha, ya ce, "Gabdo, yaron kirki, Allah shi maka albarka." Aka ji ka ce, "Amin, Baba." Hannun ya karɓi moɗa ya fita. Shi ke nan. Na ƙarasa akwatunan biyu har ƙasa, ban ƙara samun ko yatsa ba.

Na haɗa fuskokin nan wuri guda, na sa hannun a ƙarshe. Ranar sadaka, bayan an yi addu'a an raba waina, maza sun fara watsewa, na ɗauki kwamfutata na yi sallama cikin gida. Dada na cikin ɗaki, Habibat na gefenta.

Na durƙusa na ce, "Dada, na yi alkawari, ban cika ba. Na duba duk abin da ya bari. Fuskarsa ba ta ciki."

Can ta ce, "To mene ka ɗauko?"

Na ce, "Mutanen da suke kallon sa."

Ta ce in kunna. Na ajiye a kan kujerar tsuguno, Habibat ta saki labule don ɗakin ya yi duhu. Dada ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Fuskoki suka yi ta wucewa. Ta ce, "Duk wannan shi suke kallo?" Na ce shi. Wata 'yar wasa a ciki ta ce, "Sannu da aiki, Malam Gabdo," sai na ji Dada ta amsa a hankali, "Yawwa, sannu." Haka ta yi ta amsa musu gaisuwa, ɗaya bayan ɗaya. Amma na ga kafaɗunta suna sauka. Ba abin da ta nema ba ne, ni ma na sani.

Sai Baba Zira ya fito a gindin tsamiya. Hannu ya shigo da moɗa.

Dada ta ce, "Tsaya."

Na tsayar. Ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta nuna gindin babban yatsanka na dama, inda wani ɗan tabo yake, wanda ni da na yi shekara ashirin ina karɓar kaya daga hannun nan ban taɓa lura da shi ba.

Ta ce, "Lauje ne. Yana yanka wa ɗan maraƙi na ciyawa. Bai yi kuka ba, don kar in ji." Ta ƙara da cewa, "In ya zo gaisuwa, ba na kallon sama. Nan nake kallo. Da shi yake miƙo mini goro, da shi yake miƙo mini magani. Haka yake tallafe shi da ɗayan. Shi ne."

Ta tambaye ni ko abin zai iya komawa da kansa. Na sa shi yana maimaitawa. Sai ta ce mu ba ta wuri, har Habibat. Muka fito tsakar gida muka tsaya kusa da turmi, ba mai kallon wani. Daga cikin ɗaki muna jin Baba Zira yana sa maka albarka, kana cewa amin, yana sake sawa, kana sake cewa amin. Can, a tsakanin wannan, muka ji muryar Dada, ƙasa-ƙasa, irin yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci.

"Gabdo."

Ta sake. "Gabdo."

Habibat ta toshe baki da mayafi ta durƙushe a wurin. Ni na fita zaure, don namiji ba ya son a ga irin abin da ya same ni. Ban koma na ɗauki kwamfutar ba. Tana can har yau, jikokin Dada na kunna mata.

Na buɗe shago a makon da ya wuce. Yara masu tasowa suna kawo aiki, wasunsu kai ka koya musu riƙon kyamara, kuma ba laifi, suna ƙoƙari. Da an ce kat suke kashewa. Aikina ya yi sauƙi, ina gamawa da wuri, in zauna in rasa abin yi. Bencin na nan inda ka bar shi. Na yi kewarka, Gabdo, kewa mai tsanani, kuma ban ga ranar da za ta ragu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Dada Aisatu, da Malama Habibat da 'ya'yanta, da dangi na Digil da na Sorau, da Darakta Mubashshir, da dukan 'yan fim na Mubi da Michika, Musulmi da Kirista, waɗanda suka tsaya a gaban kyamararka suka tafi da mutuncinsu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya raya abin da ka bari, Ya shirya su, Ya sa su gaji halinka.

Ya Allah, bawanKa Gabdo ɗan Mahmoud ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka masa shi. Ka sa ruwan da ya shayar da dattijo ya zame masa sanyi ranar ƙishirwa. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Ya Allah, Dada ta riƙe kunya shekara kusan hamsin kamar yadda ta samu iyayenta suna yi, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ka haɗa ta da ɗanta a gidan da ido ba ya mutuwa, ta kalle shi har ta ƙoshi. Amin.